Ranar da Kunya Ta Kusa Kashe Ni a Gonar Koko

Ko tsufa zai zubar mini da komai daga kai, na san akwai rana ɗaya da zan riƙe har kabari: ranar da na kulle kaina a banɗaki a wani tsibiri, numfashina yana ɗaukewa, ni kuma ba abin da nake gudu sai kada mahaifiyata ta gan ni. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji ƙamshin cakulan yana narkewa a wuta sai gabana ya faɗi.

Ni 'yar Daura ce, sana'ata kayan zaƙi na biki: alawar madara, gullisuwa, cincin, da kek in an nema. Ƙanwata ce ta auri wani ɗan Mai'adua da aiki ya kai shi tsibirin Sao Tome, can tsakiyar teku. Da ta haihu aka ce Inna ta je ta yi mata wankan jego, ni kuma aka ɗora mini rakiya, don Inna ba ta taɓa hawa jirgi ba, Turanci kuwa ko na gaisuwa ba ta ji. Matsalar ita ce ni ce 'yar farinta, kuma Inna irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunana, ba ta zama kusa da ni, in za ta aike ni sai ta kalli bango ta ce, "A gaya wa waccan ta miƙo buta." A hannun kakata na tashi a Zango. To ga mu cikin jirgi kafaɗa da kafaɗa, ita tana kallon taga, ni ina kallon farcen ƙafata, har muka sauka.

Da aka yi arba'in, mijin ƙanwata ya ce atafau ba za mu koma gida ba mu ga komai ba. Ya ce mini, "Yaya, akwai wata gona da ake koya wa 'yan yawon buɗe ido yin cakulan da hannu, da haɗa kayan sha. Ke da zaƙi ne sana'arki, ai ki je ki ɗebo musu sirri." Da hantsi ya kai mu ni da Inna, ya ja matar da ke koyarwa gefe ya jaddada mata cewa mu Musulmi ne, ko ɗigon giya kada ya kusanci kofinmu. Ta ce ya kwantar da hankalinsa. Ya wuce aiki, da cewa zai dawo kafin la'asar.

Wata babbar rumfa ce a bakin kurmi, yayyafi yana sauka, ko'ina kore shar har ido ya gaji. Mu da muka saba hango mutum tun daga nesa a gonar gero, can taku kaɗan bishiyoyi sun rufe ka. Sauran mahalarta duk Turawa ne da gajerun wandunansu, an ɗaura wa kowa ƙyallen kare riga. Inna, kamar yadda na sani, ta tsallake teburina ta je can ƙarshe ta zauna kusa da wata tsohuwar Baturiya.

Da farko na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Aka fasa mana kwanson koko, ɗan itacen da ake yin cakulan da shi, muka tsotsi farin naman cikinsa mai zaƙi da ɗan tsami. Aka kawo 'ya'yan da aka riga aka shanya muka soya a kasko, muka murje ɓawon, muka sheƙe a faifai, sannan aka ba mu turmi da taɓarya da dutsen niƙa. Turawan nan suna ta haki suna ɗaukar hoto, na jiyo Inna tana gaya wa iska, don ba da ni take ba, "Ikon Allah. Wai biya suka yi a sa su daka?" Na danne dariyata. Baƙin ƙullun nan ya fara sheƙi yana maiƙo, aka zuba sukari, ina ta lissafin yadda zan burge matan Daura a biki na gaba.

Sai aka zo kan kayan sha. Malamar ta jera kwalabe da 'ya'yan itace da ƙanƙara, ta nuna yadda ake girgiza haɗin a wani gwangwani. Na Turawan ana tsiyaya musu giyar rake. Namu ni da Inna ta haɗa daban, da koko da wata farar madara mai kauri, ta kuma soka ɗan ganye a bakin kofin don a bambanta. Na ajiye nawa a gefe na koma juya cakulan ɗina kada ya kama. Zafin wuta ya sa ni ƙishi, na miƙa hannu ba tare da na duba ba, na ɗauki kofi na kwankwaɗi fiye da rabi. Da na zo ajiyewa ne na ga kofuna biyu ne a wurin, nawa da na Baturen da ke gefena, launinsu ɗaya, ga ganyen kuma ya faɗo yana kwance a kan tebur tsakaninsu.

Na tsaya ina kallon ganyen nan. Wanne na sha? Na fara jan innalillahi a zuci. Ba a jima ba na ji harshena yana ƙaiƙayi, leɓɓana suna zugi, wani zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa kunnuwa, rumfar ta fara ɗan juyawa. Ni da ban taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, abin da na sani game da maye shi ne abin da na ji ana faɗa: jiki ya ɗau zafi, harshe ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi tsayuwa. Ga su duk sun cika. Na ce shi ke nan, na sha, kuma yanzu zan fara tangaɗi da surutai a gaban Inna, matar da ko dariya mai ƙarfi ban taɓa yi a gabanta ba.

Yau in na tuna sai in ce anya kaina ɗaya a lokacin? Malamar tana nan kusa, ina jin Turanci daidai gwargwado, kalma biyu ta ishe ni. Amma abin da ya zo mini shi ne in ɓuya har abin ya sake ni. Na ja mayafina na rufe baki, na bi bayan rumfar zuwa wani ɗan banɗakin katako, na shiga na danna sakata.

A nan ne tsoro na gaske ya same ni. Na watsa wa fuskata ruwa, na ɗaga kai na kalli madubi, ban gane matar da ke ciki ba. Leɓɓana sun kumbura sun yi suntum, idanuna sun zama 'yan tsaga, wuyana duk ya yi ruɗu-ruɗu. Na sa yatsa in yi amai, yatsan ya ƙi wucewa yadda ya kamata. Maƙogwarona yana tsukewa kamar ana ɗaure bakin buhu. Ina jan numfashi ina jin wani fito siriri yana fita daga ƙirjina. Duk da haka, wallahi, tunanina bai wuce cewa haka maye yake ba, kuma azaba ce ta fara tun daga duniya. Na zame na zauna a ƙasa. Na tuna 'ya'yana da na baro wa kakarsu ta wajen uba, na tuna za a kai labari Daura a ce wance ta mutu a banɗakin gidan giya a ƙasar da ba a jin kiran salla. Na so in yi kalmar shahada, murya ta ƙi fita. Na miƙa hannu in zare sakatar, hannun ya kasa kaiwa.

Sai na ji takun silifas, aka ƙwanƙwasa a hankali. "Ana ciki?" Muryar Inna ce. Ashe matar da nake zaton ba ta kallona ta ga fitata, ta ga yadda na riƙe mayafi, ta kuma ga na daɗe. Ban iya amsawa ba. Ta sake bugawa da ƙarfi, ta ce, "Ke! Ke 'yar nan!" Ina jin ta kara kunne a jikin katakon ta ji fiton da nake yi. Sai Inna ta ƙwala sunana, sunan yanka, da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba, ta sake ƙwalawa. Na ji gudunta ya yi nisa, ya dawo, sai ƙarar duka a ƙofa. Taɓaryar dakan koko ta ɗauko. A bugu na ƙarshe sakatar ta tsinke, ƙofar ta buge mini ƙafa.

Tana ganin fuskata ta saki salati. Ta kama ni ta hammata ta jawo ni waje kan ciyawa, cikin yayyafi. Mutane suka taru, kowa na magana da yarensa, malamar tana rantsuwa ba ta sa mana giya ba. Inna ba ta tsaya sauraren abin da ba ta ji ba. Ta ruga teburin haɗin tana buɗe robobi tana leƙawa, har ta dawo da wata cike da ƙwallon yazawa, ta tura ta gaban tsohuwar Baturiyar nan, tana nuna robar tana nuna bakina, tana cewa da Hausa tsantsa, "Shi ne! Ba ya karɓar ta! Shi ne!" Ashe farar madarar da aka zuba mana daga ƙwallon yazawa aka tace ta. Ashe kuma tun ina ƙarama ban yi wayo ba na taɓa cin gasasshensa bakina ya kumbura, aka kwana da ni a asibiti. Ba wanda ya taɓa gaya mini, mu kuwa gyaɗa da aya muka sani, ban sake haɗuwa da shi ba.

Allah Ya sa Baturiyar tana yawo da wata allurar gaggawa a jakarta, don ita ma harbin zuma yana yi mata irin wannan. Ta caka mini ita a cinya ta saman zane. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai ji iska ta fara samun 'yar hanya, siririya, mai zafi. Aka ɗora ni a bayan motar gonar, kaina a kan cinyar Inna, motar tana tsalle a hanyar laka, ita kuma tana tofa mini addu'a tana shafa goshina, hawayenta yana ɗiga a kuncina.

A asibiti likita ya gaya wa mijin ƙanwata cewa da an ƙara jinkiri kaɗan da wani labarin ake. Malamar ma ta biyo mu tana kuka, ta ce kofunan nan biyu babu mai giya a cikinsu, don Baturen da ke gefena shi ne direban 'yan'uwansa, shi ma marar giya ya karɓa. Wato ko ɗigo ban sha ba.

Washegari da kumburin ya sauka, muka rage ni da Inna a ɗakin. Ta tambayi bango me ya kai ni kulle ƙofa. Na sunkuyar da kai na gaya mata gaskiya, na ce na zaci giya na sha, kunyarta nake ji. Sai ta juyo ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "To ko da ita ɗin ce kika sha bisa kuskure, yanka ki zan yi? Allah da Ya halicce ki ma Yana yafe kuskure. Ni kika zaɓa wa in hau jirgi da gawarki, in je in ce wa 'ya'yanki me?" Muryarta ta karye, ta ja bakin zane ta share ido. Kuka kawai na yi, ta bar ni na yi shi a kafaɗarta.

Abin da na ɗauko daga tsibirin nan ba sirrin cakulan ba ne. Kunya ado ce, da ita aka rene ni, kuma ba na raina ta. Amma na gane akwai inda ake ajiye ta. In jikinka ya canza maka yadda ba ka saba ba, ka buɗe baki ka faɗa wa na kusa da kai, ko da kana ganin faɗar za ta tona maka asiri. Mutanen da muke ɓuya don kada su ga abin kunyarmu, sun fi son su same mu cikin abin kunyar da rai, a kan su fasa ƙofa su tarar mun tafi da mutuncinmu. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana, musamman babbar, cewa duk abin da ya same su, ko mene ne, ni za su fara nema, faɗa kuma sai bayan sun warke.