Gyaran Tasi'u Mai Aski

Na manta ranaku da yawa na aikin lafiya, amma ban da Juma'ar da aka kawo mini Habibu ɗan acaɓa. Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ina so ku ji yadda aka yi.

A lokacin ni ke kula da wani ƙaramin asibiti a gefen Ƙafin Maiyaki. Ni jami'in lafiya ne, ba likita ba, amma a wajen mutanenmu duk wanda ya rataya abin sauraren ƙirji ya zama likita. Na yi bayani har na gaji na haƙura. Aikinmu shi ne mu duba mutum, mu ba da maganin abin da muka iya, abin da ya fi ƙarfinmu kuma mu tura shi gaba tun da wuri.

Da hantsi, ana tsakiyar damina, Tasi'u mai aski ya shigo riƙe da Habibu. Na san su duka, don Tasi'u ne ke yi mini aski. Habibu bai kai shekara talatin ba, yana da mata da yara biyu, babur ɗin nan ne abincinsu. Ga shi yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Ya yi amai a bakin ƙofa, harshensa ya yi nauyi, ya ce ƙeyarsa na sara, kuma wai ni biyu yake gani. Kawunsa, Baba Ɗanladi, ya biyo su yana ta salati.

Na bi tsari. Na auna jini, lafiya lau. Suga daidai. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Sai na koma tambaya.

“Habibu, ka faɗi a babur?”

“A'a.”

“An buge ka? Ka sha wani abu?”

Ya ce ko shayi bai sha ba. Tasi'u ya amsa masa sauran: “Wallahi likita, ƙalau ya zo. Aski na yi masa da gyara, ya miƙe zai tafi, sai kawai ya dafa bango.”

Kunnena ya kai maganar ga gyaran fuska, na wuce ta. Na kira likitan babban asibitin ƙaramar hukumarmu a waya, don ƙa'ida ce idan abu ya shige maka duhu ka nemi na sama da kai. Na zayyana masa komai. Ya ce, “Matashi, jini daidai, ga jiri ga ciwon ƙeya. Ba abin da ya taɓa wuyansa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, na tambaya, bai faɗi ba.”

“Ban ce faɗuwa ba. Sake tambaya.”

Ina juyowa na tarar Tasi'u yana maimaita wa Baba Ɗanladi labarin, yana kwatantawa da hannu: ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ɗaya a ƙeya, sai fizga. Nan na gane. Gyaran da yake nufi irin na kasuwa ne, ɗan ƙarin da mai awo ke zuba maka bayan ya cika mudu. Idan Tasi'u ya gama aski sai ya murɗa maka wuya dama da hagu ya yi ƙas, kyauta. Ni kaina na sha karɓa, har lumshe ido nake yi. Ba wanda ke lissafa shi cikin rauni, shi ya sa ba wanda ya faɗa.

Likita ya yi mini bayani a gurguje. Akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya su kai jini ƙwaƙwalwa. Fizga mai ƙarfi tana iya tsaga cikin ɗaya, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ya toshe hanya. Ba kasafai ake samu ba, amma idan ya faru shanyewar jiki ce ko mutuwa. Ya ce kada a bari wuyan ya motsa, kada a ba shi ko ruwa, a wuce da shi Kano kai tsaye inda ake da na'urar hoton kai.

Kafin in ajiye wayar, Tasi'u ya riga ya naɗe hannun riga ya tsaya a kan Habibu.

“Ashe wuyan ne ya goce! Ai da sauƙi. Bari in murɗa shi ta ɗaya ɓarin ya koma.”

Baba Ɗanladi ya ce, “Ƙwarai kuwa. In ya ƙi, akwai mai ɗori a Ɗansoshiya.”

Ban san lokacin da na daka tsawa ba: “Tasi'u, ɗauke hannunka!” Ni da ba a san ni da ɗaga murya ba, har matan da ke jiran awon ciki suka leƙo. Na durƙusa gaban dattijon na ce, “Baba, ka yi haƙuri. Ba ƙashi ba ne, jijiya ce ta tsage a ciki. In aka sake murɗawa, ina tsoron gawa za mu ɗauka.”

Ya kama hannuna ya ɗaga ni. Sannan ya ce, “To, ɗana, a nemo mota.”

Muka naɗe zannuwa muka tokare kan Habibu dama da hagu. Tasi'u ya zauna a bayan mota ya tallafe kan da hannu biyu, kuma direban ya ce mini har suka isa Kano bai saki ba, hawaye kawai yake yi.

Hoto ya tabbatar da zargin likita. Habibu ya yi jinya, ya sha magani na watanni, damina ta wuce bai hau babur ba. Amma Alhamdulillahi, kafin wata daminar ta zagayo ya koma kan hanya. Har yau in ya gan ni a ƙafa sai ya tsaya, ya ce in hau ko ya yi fushi. Ba ni da abin da na fi jin daɗinsa a aikin nan kamar ƙarar babur ɗinsa.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba ɓoye mana suke yi ba. Abin da suka ɗauka alheri ne ba sa kawo shi cikin maganar ciwo. Tun daga ranar, in mutum ya zo da jiri da ciwon ƙeya, ba na tsayawa a “Ka faɗi?” Sai na yi tambaya a kan mai aski, mai tausa, har abokin da ya taimaka masa da wuya.

Tasi'u bai sake murɗa wuyan kowa ba. Samari sun yi ta mita wai askinsa ya daina daɗi. Da na koma shagonsa bayan abin ya lafa, ya gama aski ya kakkaɓe mini gashi, sai na ji hannunsa ɗaya a haɓata, ɗaya a ƙeyata, don sabo. Muka haɗa ido a madubi. Ya janye hannuwan a hankali, ya ɗauko kwalbar turare ya shafa mini a wuya.

Ya ce, “Likita, ga gyaranka.”