Kunnen da Ya Riƙe Mana Wuta

Har zuwa makon jiya, ƙarfe shida da rabi na safe, in ka leƙa layinmu, za ka ga Baban Inji ya fito, hular kwano a hammata, wata doguwar sukundireba a aljihun baya. Shekara talatin da biyu yana bin motar ma'aikata zuwa tashar samar da wuta da ke bakin dam. Ni maƙwabciyarsa ce, ƙanƙara nake sayarwa, don haka in ana zancen wuta, ni ce mai ciwon.

Injuna huɗu ne a tashar, amma biyu kawai ke aiki, su ma da lallaɓawa. Abokan aikinsa sun ce kafin ya kalli mita, sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara mariƙin a kunne, ya rufe ido. Injiniyoyi su riƙa tsokanarsa: "Likita, ya mai jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, sai dai na biyu yana ɗan tari."

Wata rana da azahar, ana zafi kamar a cire fata, ya saurari inji na biyu ya ce a kashe shi. Mita kuwa ba ta nuna komai ba. Manaja ya ce, "Baba, rabin ƙasa na jiran wutar nan. In aka buɗe ba a ga komai ba, a bakin aikinka."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji shi. "Boris ɗin da sandar injin ke juyawa a kai kuka yake. Gara a kore ni da inji ya ƙone a gabana." Ya danna jan maɓalli.

Kwana uku ba wuta. Ƙanƙarata ta zama ruwa. Na ja mayafi na tafi har ƙofar gidansa, na wanke shi tas: "Ku dai ba abin da kuka iya sai ɗauke wuta!" Ashe takardar dakatarwa tana aljihunsa, ga yara biyar a makaranta.

Rana ta huɗu aka buɗe injin, sai ga boris a tsage. Babban injiniya ya riƙe baki, ya ce da an ƙara awa ɗaya, da sai mun shekara biyu muna jiran gyara. Aka mayar da Baba aiki. Ni kuwa kunya ta hana ni ba shi haƙuri. Na riƙa aika masa da ƙanƙara, ina cewa gobe zan je. Goben nan ta shekara tara.

Baba, kai ne ake zagi in an ɗauke wuta, in an kawo kuma yara su yi ihu ba wanda ya tuna da kai. Kunnen tasha, mai jin ciwon ƙarfe!

Makon jiya aka yi taron sallamarsa. Sabon manaja ya yi ta bayanin gobe: kamfanoni za su shigo, za a tada injunan nan biyu, za a shimfiɗa farantai masu kama hasken rana. Allah ya sa. Sannan ya hau yabon Baba, shi kuwa yana murmushi, yana gyaɗa kai inda bai kamata ba. Na matsa kusa na ce, "Baba, ka yafe mini maganar ranar nan." Ya ce, "Lafiya lau, ya yaran?"

Matarsa ta ja hannuna. "Ba ya ji fa, ƙawata. Ƙarar injuna ta cinye kunnen."

Wallahi sai da na yi hawaye. Ku masu shigowa da sababbin injuna, ku koyi tsayawa a kan gaskiya irin tasa. Mu kuma masu saurin baki, mu gode wa mutum tun yana iya ji.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Na makara da baki, shi ya sa na rubuta. Ka sa tabarau ka karanta, akwai wuta: ka yafe mini.