Ledar Ƙuli-ƙulin Gwaggo

Shekarun baya, lokacin da na fara wannan sana'a ta zane a kwamfuta, ina da wani ɗan shago a Birnin Kudu wanda idan mutum biyu suka shigo, dole ɗaya ya bar ƙafarsa guda a waje. Aikina bai wuce katin biki da fostar walimar sauka ba. Amma a raina, ni kaɗai na san girman da nake ba kaina. Na kalli bidiyon koyon zane har idona ya fara ruwa, na haddace sunayen launuka da Turanci, ina ganin duk faɗin Jigawa babu na biyuna.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana aure a Sara ta ƙasar Gwaram, kuma ita ce shugabar wata ƙungiyar mata masu matsar man gyada da suyar ƙuli-ƙuli. Wata Lahadi ta kira ni a waya. Ta ce wani Alhaji mai babban kanti a Kano ya ɗanɗana ƙuli-ƙulinsu ya yaba, zai riƙa ɗauka, amma da sharaɗi: a ɗaura shi a leda mai sitika da suna, kuma kayan su isa ranar Asabar. In sun saɓa, akwai wasu na jiran gurbin.

"Na gaya wa matan muna da ɗa mai irin wannan aikin," in ji ta. "Kada ka ba ni kunya."

Na ce, "Haba Gwaggo, ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama."

Kwana biyu na yi a kan sitikar nan. Na zuba kore mai duhu, na rubuta sunan ƙungiyar da ruwan zinare, sannan a can sama na ɗora abin da nake ganin shi ne zai burge kowa: Bisimilla cikakkiya da rubutun Larabci mai lanƙwasa, irin wanda ake gani a bangon masallaci. Abokina mai injin buga sitika ya kalla ya ce ko a Kano sai an tona kafin a samu irinta. Muka buga duka. Ranar Laraba na shiga mota zuwa Sara, ina rungume da kwali kamar mai kai lefe.

Na yi sallama aka yi mini iso. Tsakar gidan cike yake da mata da ƙamshin gyada. Na buɗe kwalin, sitika ta fara yawo hannu zuwa hannu, ana ta "ma sha Allah", ni kuwa ina sunkuyar da kai irin na mai kunyar ƙarya. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ta yi karatun allo har ta sauke. Ta karɓi guda ta nisanta da fuskarta, na ga leɓenta na motsi.

"Wannan a jikin ledar za a manna?"

"Eh, Gwaggo."

"To idan mutum ya cinye ƙuli-ƙulin, ina yake kai ledar?"

Na san inda ake kai leda. Kwata, bola, ƙarƙashin takalmi, bakin akuya. Ni da na tashi a gidan da ko guntun takarda mai Larabci aka gani a ƙasa sai an ɗauka an soke a katanga, kwana biyu ina kallon sunan Allah a fuskar kwamfuta, ban taɓa tunanin inda zai ƙare ba.

Duk da haka na ɗan yi ƙoƙarin kare kaina. "Don albarka na sa, Gwaggo."

"Albarka da baki muke nema kafin mu ɗora kasko," ta ce. "Gara mu rasa Alhajin Kano da mu ɗauki wannan alhakin. Mayar da su kwali."

Babu wadda ta yi musu. Matan da suka yi sati suna ɓarar gyada da suya saboda wannan dama, suka riƙa miƙo sitikun ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu. Wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna a bakin tabarma, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gwaggo dai Gwaggo ce, faɗanta ba ya hana ta ciyar da kai. Ta turo mini ƙwarya rufe da faifai. Na kai hannu zan buɗe, sai idona ya tsaya a kan faifan: zobe ja, zobe baƙi, da wani ado kamar haƙoran zarto da ya kewaye baki. Na tambaya wa ya saƙa. Wata dattijuwa ta yi dariya ta ce ai Gwaggo ce ta saƙa, kuma ranar kasuwar Sara baƙi ba sa tambayar sunan ƙungiya, cewa suke, "Ina masu jan faifai?"

Ashe suna da tambarinsu tun kafin a haife ni, ni ne ban tambaya ba. Na ɗauki faifan hoto ta kowane ɓangare, na ce su ci gaba da ɗaura kaya, zan dawo ranar Juma'a. Gwaggo ta kalle ni kawai ta ce Allah ya kai mu.

Ranar Alhamis, kamar da gayya, babu wuta. Na ɗauki kwamfutar na koma wurin masu cajin waya, na zauna a benci ina zana saƙar nan zobe bayan zobe, janareta na ƙara a kunnena. Ban gyara karkacewar hannun Gwaggo ba, na bar ta yadda take. Abokina da ya gani sai ya taɓe baki ya ce, "Ka bar zinare ka koma kaba?" Na ce ya buga kawai. Tsofaffin sitikun kuwa na kai wa limamin unguwarmu, ya ce a ƙona su a wuri mai tsafta a binne tokar, haka na yi.

Bayan an sauko daga Juma'a na isa Sara. Wannan karon ban rungumi kwalin ba, a hammata na saƙale shi. Gwaggo ta ɗauki guda, ta daɗe tana kallo, ta juya ta duba faifanta da ke kan ƙwarya, ta sake duba sitikar.

"Har inda na yi kuskuren saƙa ka sa," ta ce, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Wata ta rangaɗa guɗa. Muka zauna manne-manne har aka kira magariba, da safe mota ta ɗauki kaya. Bayan kwana huɗu Alhajin ya kira, yana neman ƙari, yana kuma tambayar wa ya yi musu zanen. Ina jin Gwaggo daga baya tana ba da labari, wai ta ce masa, "Ɗan yayana ne, gwani ne, amma sai an tsare shi." Daga kantin nan na samu ayyukan da suka fitar da ni daga shagon ƙafa ɗaya.

Tun daga lokacin, duk aikin da aka kawo mini, kafin in taɓa kwamfuta sai na je na ga masu shi, na kuma tambayi kaina a hannun wa takardar za ta kwana. Wannan babu bidiyon da ya koya mini.

Bayan wasu watanni, da damina, ina tsaye a tashar Birnin Kudu sai na hango wata leda a cikin taɓo, an cinye abin ciki, tayar babur ta bi ta kai. Jan faifai ne. Na tsaya a kanta ina murmushi har mai shayin gefe ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, aikina ne. Ban taɓa alfahari da wani zane nawa kamar wanda na gani ana takawa ba, kuma hankalina kwance.