Tuƙi Saboda Idon Alhaji

Tun kafin a turo maigidana aiki Alƙahira yake ajiye da taswirar wani tsibiri da ke can arewacin Sikotland. Babu birni a cikinsa, sai tumaki da duwatsu da teku, da wata siririyar hanya da ta zagaye shi. Burin Alhaji bai wuce mu je lokacin zafinsu mu ɗauki hayar mota, ya tuƙa mu da hannunsa, duk inda ya ga dama ya tsaya ba. Ni kuwa tsiya nake masa: "Alhaji, tumaki za mu tsallaka duniya mu kalla? Ka kai ni kasuwar Wudil mana mu huta."

A shekarar 2014 wani likitan ido a unguwar Muhandisin ya ce hawan jinin ido ne ke damunsa. Ganinsa na gefe ya fara rufewa, abin da ya tafi ba zai dawo ba, tuƙi kuwa ya haƙura da shi. Da muka dawo gida ya wuce ɗaki kai tsaye. Ya ninke taswirar nan ya ɗora ta can saman kabad. Wallahi wannan ninkewar ta fi maganar likita yi mini ciwo.

Da safe na ce masa ni zan tuƙa.

"Hajiya," ya ce, "ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?"

Ai kuwa ya tsokano ni. A ranar na sa aka nemo mini wani dattijo Bamisire mai koyar da mota. Darasinsa na farko hon ne. A Alƙahira da hon ake sallama, da shi ake zagi, da shi ake godiya. Ranar da ya fara saka ni cikin shataletale, ƙananan bas-bas suka yanyame ni ta ko'ina, motar ta mutu a tsakiya, na kifa kai a sitiyari ina kuka da girmana. Shi kuwa ko a jikinsa: "Ma'alish ya madam, yalla!" Wato ba komai, mu je. Na share hawaye da bakin mayafi na sake tayarwa. Kafin azumi ya kama na karɓi lasisi, har ina iya yi wa direban tasi tsawa da hannu ɗaya.

Alhaji bai taɓa shiga motata ba. Kullum da uzurinsa. Ya ce azumi a can tsibirin ya tasar wa rana da dare a haɗe, don rana ba ta son faɗuwa. Na ce to sai bayan salla. Ya ce ai a can ta hagu ake tuƙi, hanyar kuma ta mota ɗaya ce, in kun haɗu da wani sai ka raɓe ka ɗaga masa hannu, ba a hon. Na ce to zan koya. Na san ba hagu ba ce damuwarsa. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa iyalinsa ne ba ya son ya koma kujerar gefe, ni kuma tsorona kada mu tsaya jiran zuciyarsa ta sauko idon ya ƙarasa rufewa.

Wata Juma'a da safe, lokacin da titunan Alƙahira ke yin fayau, na taka kujera na sauko da taswirar, na kakkaɓe ƙura na ɗora masa a cinya.

"Tashi mu je. In na kayar da kai, khalas, shi ke nan, ba zan sake tayar da maganar ba."

Ya harare ni, amma ya ɗauki hularsa. Duk hanya yana taka birkin da babu shi a gefensa, yana salati. Na kai mu wata sabuwar unguwa a bakin hamada, an shimfiɗa kwalta amma ba a tare ba. Nan na koma hannun hagu ina tafiya a hankali. Can sai ga wani mai keken jaki ya ɓullo ta gefen Alhaji. Tun daga nesa na hango shi. Na raɓe na tsaya, na ɗaga masa hannu, ko hon ban taɓa ba.

Sai da jakin ya zo gaban gilashi sosai Alhaji ya zabura.

"Daga ina wannan ya fito?"

Tun daga nesa yake tahowa ta gefensa, idonsa ne bai kama shi ba. Shi ma ya gane. Na bar injin yana aiki har mai jakin ya yi nisa.

Daga nan ya buɗe taswirar ya kawo ta daf da fuskarsa, ya bi hanyar da yatsa. Ya ce in muka zagaya ta wannan wajen, teku za ta kasance a gefen da yake zaune, sai dai ya riƙa juya kai gaba ɗaya.

"To ka juya mana," na ce, "wa zai hana ka?"

"Hajiya," ya ce, "kada mu bari sai baɗi. Ki kama mana motar hayar can yau, da sunanki."