Doguwar Rumbunmu

"Hajiya, ki tambaye ta duk abin da kike so," in ji ɗalibin Yaya Garba, ya ajiye wata na'ura kan tabarmar makoki. Daga Yamai suka zo mana gaisuwa. Wai aikin Yaya a jami'a shi ne koya wa na'ura amsa tambaya kamar mutum.

Ban yi nisa a karatun lakwal ba, amma na san mafarin wannan aiki.

Farkon samun 'yancin kai, muna yara, aka ce aljana Doguwa ta sauka a tsohon rumbunmu na Kore Mairuwa. Mata suna kawo fura, suna tambayar akuyar da ta ɓata, murya tana amsawa daga ciki. Ranar da Doguwa ta yi atishawa, Innarmu ta gane ɗanta Garba, ta jawo shi da kunne, haɓa duk fura.

Tun da aka binne Yaya nake neman inda zan sake jin sa. Na matso kusa da na'urar.

"Wa ya shanye furar Doguwa?"

Na'urar ta ce, "Ki yi haƙuri, ban sani ba."

Na ce, "Ɗana, ɗauke abarka, ba ta gado Yaya ba. Shi ko a rumbu bai taɓa cewa bai sani ba."

Yaron ya goge ido. "Hajiya, ai a kan wannan Malam ya ƙare shekarunsa. Shi ya koya mata, in ba ta sani ba ta faɗi gaskiya."

Sai ga ni ina dariya a gidan makoki. Ashe jan kunnen Inna ya yi aiki, jinkiri kawai ya yi.

Allah ya jiƙan Yaya. Ku fa, wa kuka rasa da har yau yake ba ku dariya?