Shekarar da Na Hana Su Bulus Hawa

Akwai abin da na yi ina ɗan shekara goma sha uku wanda har yau, da furfurata da jikokina, in na tuna sai kunya ta kama ni. Na hana wasu yara abin da suka ci da guminsu. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye, kuma wanda na yi wa ya daɗe da yafe mini. Amma da ana komawa baya a yi gyara, da nan zan fara.

A Kafanchan na tashi, a shekarun saba'in, a wani gida kusa da layin dogo. Kakarmu Saratu, uwar babana, daga wani ƙauye a gindin dutsen Kagoro ta dawo wurinmu. Da an ci tuwo da magariba sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunne zuwa bakin murhu, ta tura gwaza ko gyaɗa cikin toka, mu kuma mu kewaye ta. Ƙamshin cittar da aka shanya a tsakar gida na tashi, jirgin yamma na kuka daga tasha. Hausarta ta kasuwa ce, in ta ƙare mata sai ta cike da yarenmu, in shi ma ya ƙare ta cike da hannu da ido. Ba ta fara labari sai ta ce, "Ku miƙo kunne in zuba muku." Mu ce, "Ga shi, Kaka, a buɗe."

A lokacin ƙwallo ta shiga kanmu. Mun ji a rediyo cewa manyan ƙungiyoyi rukuni-rukuni suke bugawa, akwai na sama akwai na ƙasa, sai mu ma muka kwaikwaya. Ƙungiya takwas muka haɗa daga unguwanni, huɗu a sama, huɗu a ƙasa. Dokar ɗaya ce: in rani ya ƙare, na ƙarshe a sama ya sauko, na farko a ƙasa ya hau. Ni ne shugaba, ba don na fi kowa iya bugawa ba, sai don ƙwallon fatar tawa ce.

Ana nan sai Kawu Dogara, ƙanen babana da ke aikin jirgi, ya sayo talabijin baƙi da fari, mai aiki da batirin mota. Ɗakinsa ba ya ɗaukar yaran gari duka, sai ya ce mini, "Ishaya, kai ka san 'yan ƙwallonka. In za a nuna wasa, ka zaɓi masu shiga." Nan take na yanke cewa 'yan rukunin sama ne kaɗai za su shiga. Daga ranar, hawa sama ya wuce suna kawai, ya zama wurin zama a gaban akwati.

To, akwatin nan yana da hali. Eriyarsa a kan doguwar gora take a bayan ɗaki, iska kuwa ba ta barinta. Da ta juya kaɗan sai hoto ya watse ya koma kamar an zuba shinkafa. Mutum ɗaya ne ya san kan gorar nan, shi ne Bulus, kyaftin ɗin Damisar Rafi, ƙungiyar 'ya'yan manoma daga hayin rafi, masu bugawa ba takalmi. A rukunin ƙasa suke, saboda haka a waje yake tsayawa rungume da gora.

"Ya yi?" in ji shi.

"Hagu kaɗan! Ka wuce, dawo! Yauwa, riƙe nan, ko numfashi kada ka yi!"

Haka zai tsaya har a tashi wasa. Daga ihunmu yake gane an ci. In na fito sai ya yarfe hannuwa yana dariya, ya ce, "Ba komai, Shugaba. Bana za mu hau, kai ma ka zo ka ɗanɗana gora."

Suka kuwa cinye rukunin ƙasa kaf. Ƙungiyata, Taurarin Layin Dogo, ita ta zo ta ƙarshe a sama. Ga shi mako guda ya rage a nuna wasan ƙarshe na kofin ƙasa. Da na hango kaina a bayan ɗaki ina rungumar gora a gidan kawuna, sai na kira taro a gindin mangwaro, na ce an yi sabuwar doka: ba ƙungiyar da za ta hau sai tana da riguna iri ɗaya. Na san sarai su Bulus ko singileti ba duka ke da shi ba.

Bulus ya dube ni ya ce, "Ishaya, da riga ake cin ƙwallo ko da ƙafa?"

Na ce doka ce. Na rungume ƙwallona, na tashi taron.

Ƙanwata Rifkatu, da bakinta ba ya riƙe komai, ta riga ni isa gida da labarin. Da magaribar nan Kaka ta jawo kujerarta bakin murhu. Ta tura gyaɗa cikin toka, ta karɓi kunnuwanmu, ta fara.

Ta ce a da dabbobi suna da filin kokawa biyu, ɗaya a kan dutse, ɗaya a gindinsa. Bayan girbi kowace shekara, wanda ya kayar da kowa a ƙasa sai ya hau, wanda kowa ya kayar a sama sai ya sauko. Wata shekara gada ta kayar da kowa a ƙasa, kura kuwa a sama ba wanda bai shafa bayanta da ƙasa ba. Kaka ta kwanta rigingine a kan tabarma ta ɗaga ƙafa tana nuna yadda kura ke faɗuwa, muka yi ta dariya har Rifkatu ta ƙware. Sai kura ta tara na sama ta ce daga yau ba mai hawa dutse sai mai zane a jiki. Damisa ta dubi jikinta ta ce ai wannan doka ta yi kyau. Gada ta duba nata jikin, ba zane ko ɗaya, ta juya ta sauka abinta.

"Shekara ya zagayo," in ji Kaka, "su ɗin dai su ɗin dai. Kowa ya san dabaran kowa. Suka yi tumbi. In sun kama juna sai hamma." 'Yan kallo suka fara sulalewa ƙasa, inda gada ke ɗaga bunsuru sama. Makaɗa suka bi su da gangunansu. Damisa ta ce za ta je shan ruwa, ba ta dawo ba. Aka bar kura ita kaɗai a kan dutse, sarauniyar fili, ba abokin kokawa sai inuwarta.

"Kun san abin da ya faru?" Kaka ta rage murya. "Inuwan ma ya kayar da shi!"

Gida ya ɗauki dariya, har babana daga ɗaki. Kowa yana satar kallona. Na ce, "Kaka, ai doka doka ce."

Ta ce, "Wa ya haifi dokan, maigidana? Jiya da safe ban gan shi a gidan nan ba." Ta zuba mini gyaɗa mai zafi a tafin hannu, ta ce labarinta ya koma inda ya fito.

Da ina da hankali da nan na tsaya. Ban tsaya ba.

Ranar wasan ƙarshe da la'asar ɗaki ya cika da 'yan sama. Kawu ya haɗa batir, aka kunna, sai shinkafa. Muka ƙwala wa Bulus kira, ba Bulus. Aka tura wannan, aka tura wancan, gora ta ƙi kowa. Ni da kaina na fita na yi ta murɗa ta ina gumi, daga ciki ana ta ihu, "Bai yi ba! Bai yi ba!" Da na leƙo, rabin ɗakin ya tafi. Wani ya zo da labarin cewa baban Bulus ya fito da rediyonsa gindin ɗorawa a hayin rafi. Kafin a je hutun rabin lokaci, har Kawu ya sa hula ya bi su. Aka bar ni da Kaka a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Je ka," ta ce. "Ka kai musu inuwanka."

Na tsallake rafi. Na tarar da su cunkus, manya da yara, mai sharhi yana ta zuba kamar bakinsa zai kama wuta. Na tsaya can baya. Bulus ya hango ni. Na ɗauka zai ce ina rigata. Sai ya matsa a kan kututturen da yake zaune, ya buga wurin da tafinsa, ya ce, "Shugaba, zo. Mu nan ba doka." Da aka ci, shi ya fara rungume ni, muka faɗa ƙasa tare. Ban taɓa jin daɗin wasa kamar wannan da ban ga ko ƙwallon ba.

Duk da haka girman kai ya hana ni janye dokar. Na ce sai baɗi. Kafin baɗi an yi wa Kawu canjin aiki ya tafi da akwatinsa, gasarmu ta watse, Damisar Rafi ba ta taɓa hawa ba. Bulus bai taɓa zama a ɗakin nan ya ga wasa ko sau ɗaya ba.

Yanzu ni da shi mun tsufa, coci ɗaya muke, benci ɗaya muke zama a gidan kallon ƙwallo. In jikokinmu suna gardama a kan manyan ƙungiyoyin da ke son rufe gasa su kaɗai, su riƙe amfanin nuna wasa a talabijin, a bar ƙananan a waje, sai Bulus ya zungure ni ya ce, "Ku tambayi wannan, shi ya fara." Mu yi dariya. Amma na daɗe da gane abin da Kaka ke nufi: daɗin gasa yana wurin sanin cewa na ƙasa zai iya hawa, na sama zai iya saukowa. Ranar da aka toshe wannan hanya, na saman ma ya rasa abin kallo.

Saboda haka ina roƙonku, duk wanda Allah ya ba shi riƙon wata gasa, ko ta yaran unguwa ce, kada ya yi irin tawa. In ƙarshen kakar wasa ya zo kuka ga ku ne a ƙarshe, ku sauka da ƙafarku, ku bar wanda ya ci ya hau.