Kiɗan Isyaku Ba Ya Bin Agogo

Bana shekara ashirin da shida ke nan da muka kai ƙanena Isyaku makwancinsa a Dangora. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Na saba in wannan lokaci ya zagayo in yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba, domin ana shirin taɓa aikinsa, ni kuwa ban mutu ba tukuna.

Isyaku mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa. Mu gidanmu manoma ne, ba mu gaji kiɗa ba. Shi ya sa ranar da ya dawo daga Kano, wajen ƙarshen shekarun casa'in, da tsohuwar kwamfuta ta gwanjo da jita a ɗaure bayan acaɓa, gari ya ɗauka. Wasu suka ce ya zama maroƙi, wasu suka ce wayoyin rediyo ne suka taɓa masa kai. Mahaifiyarmu, Inna, ta sa yatsa ta ja tsirkiyar jitar, ta ji jitar ba ta ce komai ba, sai ta ce, "Isyaku, duk garayun duniya ka rasa wadda za ka sayo sai bebiya?"

Inna ba ta yi ƙarya ba. Jitar midi ake ce mata, kuma ba ta da wata muryar kirki ta kanta. Akwai ɗan ƙarfe a ƙarƙashin tsirkiyoyinta, aikinsa ya kai wa kwamfuta rahoton yatsun mai kiɗa: wace tsirkiya ya taɓa, yaushe, da wane ƙarfi, yaushe ya saki. Kwamfuta ta rubuta wannan a faifai, daga baya sai ka ara masa muryar da ka ga dama, ta sarewa ko ta ganga. Isyaku yakan ce kaset murya yake kamawa, wannan kuwa hannu take kamawa.

Abin da yake so ya kama shi ne kiɗan gayya. A lokacin gayya ta fara ja da baya a ƙasarmu, masu gangar noma sun tsufa, 'ya'yansu sun tafi birni. Shi kuwa kiɗan yana kansa tun muna yara muna bin manya gona.

Sai dai kwamfutar tana da nata hali. Tana yin wani ƙwas-ƙwas kamar agogon bango, wai shi mai kiɗa zai bi. Akwai kuma madannin da in ka taɓa, duk bugun da ya yi gaba ko ya yi baya sai ta jawo shi kan layi. Isyaku ya gwada, ya kira ni, ya kunna mini.

"Yaya, za ka iya huɗa da wannan?"

Na ce masa wannan sai dai sojoji su yi maci. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kashe ƙwas-ƙwas ɗin, bai sake kunna shi ba har ya koma ga Allah.

Ga dabarar da ya yi. Ya jawo teburinsa bakin tagar da ke kallon gonarmu ta bayan gida. In an kwana da ruwa, da hantsi sai ya ta da janareta, ya miƙo mini garma ya ce, "Yau kai ne agogona." Ni ina huɗa, shi yana kallon gadon bayana. Garma na shiga ƙasa, yatsansa na sauka. In na ji ƙarfi na ƙara wuta, ya biyo ni. In na fara gajiya, ya sassauta. In na kai ƙarshen kunya na miƙe zan juyo, sai ya ɗaga hannu ya jira ni, yadda makaɗan gayya ke yi. Lokacin ina malamin firamare, maƙwabta suka riƙa leƙowa ta kan danga suna cewa ga malam ya zama ɗan ƙodagon inji. Gonar nan ta sha huɗa da rushewa har Inna ta tambaye mu ko gyaɗar zinariya za mu shuka.

Kada a ɗauka aikin ganganci ya yi. Jitar takan yi masa ƙarya, ta kai rahoton tsirkiyar da bai taɓa ba. Irin waɗannan yakan zauna ya tsince su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Amma bugun da ya san nasa ne, ko ya makara, bai taɓa gusar da shi ba. Ya san madannin daidaitawa sarai, ƙin sa ya yi.

Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi, ya bar ɗansa Nura a goye. Yau Nura ya zama mutum, yana aiki a wani situdiyo a Kano. Shi ya sha wahalar ciro kiɗan daga tsofaffin faya-fayan nan, Allah Ya yi masa albarka. Yana so ya fitar da shi da sunan mahaifinsa, abin da ya faranta mini rai, har sai da na ji sharaɗin abokan aikinsa. Wai kiɗan yana ɗingishi, ba ya rawuwa, sai an miƙar da shi an toshe guraben da ya yi shiru.

"Baffa, ai na asalin yana nan," in ji Nura. "Kwafi kawai za mu gyara."

Na ce masa na ji, amma wanne duniya za ta ji? Wanda kuka miƙar shi zai shiga wayoyin mutane da sunan Isyaku, na asalin ya zauna a aljihun tebur. Ke nan za ku sa hannunsa a kan abin da ya ƙi da ransa. Garin neman gira za a rasa ido. Nura ya tashi ransa a ɓace, kuma tun ranar gaisuwarsa ta gajarta. Abin yana yi mini ciwo, domin in na dube shi uban nake gani. Duk da haka ban janye ba. Faya-fayan gadonsa ne, ban musa ba, amma rabin abin da ke cikinsu gumina ne, kuma ban yafe a taɓa shi ba.

Nakan tambayi kaina, da Isyaku zai leƙo yau me zai ce? Na tabbata ba zai zagi zamani ba. Mutumin da ya ɗauko kwamfuta a acaɓa ana yi masa dariya, da ya ga yaro na haɗa kiɗa a wayar hannu sai ya manta da abinci. Abin da zai dame shi shi ne ya kunna rediyo ya ji waƙoƙi barkatai duk tafiyarsu ɗaya, babu inda mai kiɗa ya gaji, babu inda ya jira wani. Zai ce to wa ake yi wa kiɗan?

Me ya rage na Isyaku? Shagonsa ya zama wurin cajin waya, jitar ta daɗe da lalacewa, ni kuma yanzu ko ɗaga garma ba na iyawa. Abin da ya rage shi ne hannunsa, yadda ya sauka da yadda ya dakata. A cikin kiɗan akwai wani wuri da komai ke tsayawa, shirun ya yi tsawo har ka zaci na'ura ce ta mutu. Wurin nan ne Nura ya fara nuna mini a matsayin babban kuskure. Ni na san wurin. Inna ce ta fito da kwanon kunu, na jingine garma na karɓa, Isyaku ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya yana jira in shanye. Inna ta tafi, Isyaku ya tafi, wannan shirun kaɗai ne inda mu uku muke tare har yanzu.

Nura, ɗana, in za ka fitar da kiɗan ubanka, fitar da shi da ɗingishinsa. In masu rawa ba za su iya ba, su zauna. Amma muddin ina numfashi, ba wanda zai toshe wurin nan.